Takardar da Ta Kwana a Aljihun Tebur

3 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata, Uwar Gardama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau. Antinki tana gaishe ki, ta ce in tambaya ko har yanzu a tsaye kike cin abinci kamar wadda aka biyo.

Innarki ta ɗan kwanta kwana biyu. Ƙafafun ne suka kumbura, numfashin ma yana yi mata gardama in ta taka daga ɗaki zuwa bakin famfo. Mun ɗauko ta ta dawo gidana, tana ɗakin da ke kallon titi. Amma da sauƙi. Kin san yayar tawa, jiki ya kwanta amma bakin yana nan a tsaye. Jiya ta ce ruwan wanke kofi ya fi shayin da na haɗa mata kauri.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san ɗan littafin da nake haɗawa tun da na yi ritaya, na kalmomin Turancin da ke ruɗa ɗalibai. Kowace kalma da katunanta, kowane kati da amfani ɗaya, suna jere a kwalin takalmi. Kwali uku sun cika. Yanzu na iso kan “sorry”, na tsaya cik. Kati huɗu nake da su: na neman gafara in mutum ya yi laifi, na jaje in wani abu ya sami wani, na neman a maimaita maka magana in ba ka ji ba, sai na siffanta abin da ya lalace har ya zama abin tausayi. Raina yana ba ni akwai saura.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da harshen nan, amma duk daga littafi da rediyo na same shi. Ke kuwa ga ki a tsakiyar masu shi, suna zubar da shi a gabanki safe da yamma. Ki buɗe kunne. Duk inda kika ji kalmar, ki rubuta mini wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, da yadda fuskarsa take a lokacin. Kada ki gyara komai, gyara aikina ne.

Na karanta wa Innarki wannan, ta ce, “Baturen gidanmu, ka bar yarinya ta yi aikin da ya kai ta.” Ta ce a gaishe ki.

Kawunki,
Malam

16 ga Fabrairu

Kawu,

Na sami wasiƙarka jiya, na karanta ta sau uku a ɗakin canja kaya. Ina lafiya, sai bayan nan da ke ciwo saboda ɗaga mutane. Ka gaishe da Anti, ka ce mata har yanzu a tsaye nake ci, don a gidan kula da tsofaffi da ka zauna ƙararrawar wani ɗaki za ta tashe ka.

Bari in fara da aikinka, don hankalinka ya kwanta ka saurari nawa. Kati huɗun nan sun yi kaɗan. Mutanen nan “sorry” a bakinsu take kamar numfashi. Na taka wa wani ƙafa a mota, kafin in buɗe baki shi ya riga ni faɗa, alhali ni ce mai takawar. Na ga mai sharar wurinmu ya yi karo da kujera, ya ce mata haka, ya wuce abinsa. Wannan kati na biyar. Na shida na neman hanya ne, in ka tare ƙofa wani yana son wucewa. Na bakwai kuwa ka rubuta shi da jan biron nan naka, don na faɗa ne. In ka ga mace ta ɗaga haɓa ta ja kalmar a hankali, to ka shirya, abin da zai biyo baya ba mai daɗi ba ne. 'Yar wani tsoho ta yi mini irinsa ran Lahadi, don ta tarar na sa wa uban riga a juye. Ni kaina nakan faɗe ta sau ɗari kafin a tashi aiki, da wuya ɗaya ta fito daga zuciyata.

Yanzu nawa. Kawu, kai ka koya mini in riƙa duba abin da aka bari ba a rubuta ba. Tun rasuwar Baba Inna ba ta taɓa kwana a gidan wani ba. Ko lokacin da rufin ɗakinta ya yi yoyo, bokiti ta ajiye ta ƙi tashi. Yau ka ce mini kun ɗauko ta, kuma ta yarda. Sannan a kowace wasiƙa takan sa ka rubuta mini rabin shafi na faɗa, wannan karon layi ɗaya na gani. Ban yarda da “da sauƙi” ɗin nan ba. Tsoro nake ji.

Na tambayi yadda ake samun hutun gaggawa. Shugabarmu tana son abu biyu: takardar likita, da wasiƙa daga ɗan'uwa na jini, da Turanci, da sa hannunsa, yana bayyana halin da ake ciki. In suka iso, tana buƙatar mako ɗaya ta sami mai riƙe mini ɗakunana, sai ta sake ni mako uku. In na tafi ba tare da izininta ba, aikin ya tafi, kuma takardar zamana a ƙasar a jikin aikin take rataye.

Na gode Allah da ya sa kawuna malamin Turanci ne, wasu a nan sai sun yi ta neman mai rubuta musu. Ka kai Inna wurin likita, ka karɓi takardar, ka rubuta taka a ranar, ka aiko su tare kai tsaye zuwa ofishin shugabar. Adireshin yana bayan wannan shafin.

Ka ce wa Inna ina nan tafe, ta tanadar mini faɗan da ta hana ni.

Taka,
Uwar Gardama

1 ga Maris

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu nan muna nan, Antinki ce dai gajiya ta fara kayar da ita.

Kin kama ni, ba zan yi musu ba. Mun kai ta asibiti shekaranjiya. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, ruwa yana taruwa mata a ƙirji, shi ya sa ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo uku. Bai faɗi kwana kaza ba. Ya dai kalle ni ya ce in akwai na nesa a kira shi. Takardarsa tana hannuna da hatimi, na sa ta a leda na adana.

Tawa wasiƙar kuma na fara. Kin san ƙa'idata: rubutun Turanci ba ya fita daga hannuna sai ya kwana bakwai a aljihun tebur, in fito da shi in karanta da sabon ido. Haka na yi wa kowace takardar jarrabawa da na tsara, ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba. Wannan kuwa ba ɗalibai ne za su karanta ba, mai harshen ce da kanta. In ta ga rubutu a hargitse ke za ta raina, ta ce ga irin gidan da kika fito. Ba zan bari a yi miki wannan kallon saboda ni ba. Cikin makon nan za ta bi bayan wannan, in Allah ya yarda.

Ki ɗan sanar da ni, shugabar taku matar aure ce ko kuwa? Wane muƙami ake rubuta mata a ƙarƙashin suna? Sun fi son doguwar wasiƙa ko gajera?

Katunanki uku sun shiga kwali. Na mai shara da kujera na karanta wa Innarki, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da Antinki ta kore ni daga ɗakin. In kin ji wasu ki ƙaro.

Ga nata saƙon, yadda ta faɗa, ban taɓa ko kalma ɗaya ba:

“Ki gaya wa masu gidan tsofaffin nan ni ma tsohuwa ce, kuma na riga tsofaffinsu saninki. Antinki tana ƙoƙari, amma hannunta da nauyi, in tana cuɗa mini baya sai ka ce tukunya take wankewa. Ki zo ki yi mini irin wanda kike yi wa na mutane. Kada ki wahalar da kanki da tsaraba, ƙafar ma yanzu ba ta shiga takalmi.”

Kawunki,
Malam

14 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti, Allah ya saka mata. Lafiyata ƙalau in ban da barcin da ya ƙi.

Kwana bakwai, Kawu? Likita ya ce a kira na nesa, kai kana kwantar da takarda a aljihun tebur kamar mai jego. Kullum da safe kafin in sa rigar aiki sai na leƙa ofis na tambaya ko saƙo ya zo. Yanzu mai karɓar wasiƙu da ta hango ni take girgiza kai, ba ta ma bari in ƙarasa.

Na ɗauki wasiƙarka ta Hausa na kai wa shugabarmu, na fassara mata wurin da likita ya yi magana. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta da mugunta. Sai ta haɗa hannuwanta a kan tebur ta ce “sorry”, ba takarda ba hutu, doka ce ba ita ta kafa ba. Ga katinka na takwas ke nan: wanda ake faɗa maka da taushi yayin da ake rufe maka ƙofa.

Tunda kana son ƙari, ga na tara. A ƙarshen barandarmu akwai wani ƙaramin ɗaki, kujera uku da kwalin tishu, ba taga. In tsoho ya cika, nan ake shigar da 'ya'yansa, likita ya zauna ya fara da kalmar nan. Ba ya buƙatar ƙarasawa. A watan nan sau biyu ina kai musu ruwa a ɗakin.

Na goma shi ne wanda ke hana ni cin abinci. Akwai wata tsohuwa a ɗaki na tara, da can tela ce, yatsunta har yanzu suna motsi kamar tana ɗinki. Ba ta iya riƙe fitsari. Duk safiya ina canja mata zanin gado, ina wanke ta da ruwan ɗumi, ita kuma tana kallon bango tana ta ce mini “sorry, sorry”, har in gama. 'Yarta tana garin nan, tafiyar rabin awa, sau ɗaya take zuwa a wata. Da can nakan zagi 'yar a raina. Yanzu na daina. Ina wanke uwar wani da hannu mai taushi, tawa tana can tana roƙon in zo in cuɗa mata baya.

Ban san ko shugabarmu matar aure ce ba, kuma ba ruwana. Wata abokiyar aikina mijin yayarta ne ya rubuta mata, direban babbar mota ne, da fensir, layi uku a karkace. Aka sake ta cikin mako. Ba wanda zai ba ka maki, Kawu. Ka rubuta cewa kai ƙanin uwata ne, tana kwance, likita ya ce in zo. Ka sa hannu. Don Allah ka tashi yanzu, kafin ka ninke wannan takardar, ka je gidan waya.

Jakata a ɗaure take tun makon jiya. Na sami wata silifa mai laushi, irin wadda muke sa wa masu kumburin ƙafa, ana buɗe ta ta sama a manne. Ka gaya wa Inna wannan za ta shiga.

'Yarka

5 ga Afrilu

'Yata,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Innarki ta rasu ran biyu ga wata, da hantsi. Antinki ta tallafo mata kai, ni ina tsaye a ƙofa. Ba ta sha wahala a ƙarshen ba, numfashin ne ya yi ta raguwa har ya tsaya. An binne ta kusa da Babanki. Allah ya jiƙanta, ya ba ki haƙuri.

Sauran kuma dole ki ji shi daga bakina. Takardun ban aika ba sai ran talatin ga Maris.

Sau goma sha ɗaya na rubuta ta. Ta farko ta kwana bakwai, na fito da ita na ga kamar ɗan aji uku ne ya yi. Ta biyu ta yi tsawo. Ta uku na ga kamar ina ba matar umarni, ta huɗu kamar ina bara. Kowace safiya sai in ce yau, in zauna, in ɗauki jan biro, azahar ta yi ina kan sakin layi ɗaya. Da wasiƙarki ta zo na tashi kamar yadda kika ce, na kai wa mai tafireta a bakin gidan waya. Ya yi mini kuskure biyu. Na karɓo na dawo gida da ita.

Na ce miki don kada a raina ki ne. Ƙarya na yi miki, na yi wa kaina. Tsoro nake ji. Shekara talatin da ɗaya ana ce mini Bature a garin nan, iyaye suna kawo mini takardu in duba, kuma ban taɓa rubuta wa mai harshen ko layi ɗaya ba. Na ji tsoron matar nan ta karanta ta yi murmushi. Wannan murmushin da ban gani ba na fifita a kan yayata, wadda ta goya ni.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Ran huɗu ga Maris ta tambaye ni ko na aika, na ce na aika. Ta tambayi kwana nawa wasiƙa ke yi a hanya, ta yi lissafinta da yatsu. Daga ran ashirin ta sa aka ja gadon zuwa jikin taga. Duk motar da ta tsaya a titi sai ta ɗaga kai. Ni ina ɗaki na gaba, ina jin ƙarar motocin, ina gyara waƙafi.

Ran ashirin da tara ta kira ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Baturen gidanmu, ba ka aika ba, ko?” Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, “Kawo ta in dangwala mata yatsa, a aika haka nan. In sun yi dariya ka ce ni na rubuta.” Washegari na aika.

Ranar da ta rasu na je gidan waya in buga waya zuwa wurin aikinki. Na bi layi har ya zo kaina. Da na tuna wadda za ta ɗauka, da harshen da zan yi mata, sai na ba na bayana wuri na fito. Ko wannan ban iya yi miki ba.

Wannan wasiƙar ba ta kwana ko'ina ba, yadda ta fito haka za ta tafi. Akwai layin da na soke a ƙasa, kada ki kula shi. Ba ni da bakin da zan ce ki yafe mini.

Kawunki

11 ga Afrilu

Kawu,

Takardun sun iso. Jiya mai karɓar wasiƙu ta biyo ni har ɗaki na tara tana ɗaga ambulan. Kafin a tashi aiki shugabarmu ta sa hannu. Mako uku cur, daga ran goma sha tara. Zan sauka ran ashirin da yamma, wataƙila ma in riga wannan wasiƙar isowa, amma hannuna ya ƙi zama sai na rubuta.

Na yi maka rashin kunya a ta baya, ka yi haƙuri. Tsoro ne ya yi magana. Shirun da ka yi wata guda ya sa na yi ta saƙe-saƙe, yanzu na gane kana can kana fama da jinya ne.

Ka ce wa Anti ta ajiye soson, mai aikin ta zo. Na sayo sabulun da muke yi wa masu fata mai laushi wanka da shi, da man shafawa, da wani filo mai tudu da ke sa numfashi ya yi sauƙi. Da kyar jakar ta rufu. Tsohuwar ɗaki na tara da na gaya mata zan je ganin uwata, ta kama hannuna ta ce in yi sauri.

Ka ce wa Inna ta daure, saura kwana tara. Kada ta sake ta yi wa kowa faɗan nan, nawa ne.

Taka,
Uwar Gardama

18 ga Afrilu

Kawu,

Wasiƙarka ta biyar ga wata ta same ni jiya da rana, ina tura keken abinci. Na karanta ta a tsaye.

Ban san yadda aka yi na isa ƙaramin ɗakin nan mara taga ba. Shugabarmu ce ta shigo ta same ni. Na gaya mata. Ba ta haɗa hannu a kan tebur ba wannan karon, ta durƙusa a gabana ta riƙe nawa, ta faɗi kalmar nan taka sau ɗaya, idonta ya kawo ruwa. Ta daɗe a durƙushe, ga ta da ciwon gwiwa. Ban san a wane kati za ka sa wannan ba, kuma shi ne na ƙarshe da zan aiko maka.

Na yi lissafi, ban iya hana kaina ba. Da ka aika ranar da ka karɓi takardar likita, da na sauka ran ashirin da ɗaya ga Maris. Kwana goma sha biyu ke nan. Da na wanke ta sau goma sha biyu. Da ɗaya daga cikin motocin da ta ɗaga wa kai tawa ce.

Ina jin haushinka, Kawu, irin wanda ban taɓa ji a kan kowa ba. Kai ka riƙe hannuna na koyi rubutu, kai ka raka ni tasha ranar da na taho, duk ina sane. Ka ce ba ka da bakin neman yafiya, ni ma yau ba ni da bakin bayarwa. Ban ce har abada ba. Na ce yau.

Gobe zan taso, hutun yana nan tunda an riga an sa hannu. Wannan wasiƙar a jakata za ta zo, in na shigo zan ajiye maka ita a kan tebur, don ba zan iya faɗa maka waɗannan ido da ido ba. Anti ce za ta kai ni in ga inda aka sa Inna. Silifar da filon a ba wani mai buƙata. Kada a ja gadon daga jikin taga, a nan zan kwana. Kwalayen katunan kuma ka kai su inda idona ba zai kai ba.

Layin da ka soke, na ɗaga takardar a hasken taga na karanta. Jan biro ba ya rufe baƙi. Ka tambaya ko shugabarmu ta ce wani abu game da Turancin.

Ta ce. Ranar da wasiƙarka ta iso ta kira ma'aikata biyu ta karanta musu a ofis. Ta ce a shekara ashirin da ta yi tana wannan aikin ba ta taɓa karɓar wasiƙa mai kyau irinta ba. Ta tambaya ko a ƙasarsu ka yi karatu. Na ce mata ta duba da kyau, kawuna zai so ya sani.

Ta sake dubawa, Kawu. Babu kuskure ko ɗaya.

'Yar yayarka